Batir Mai Lamba Bakwai

Ranar Litinin da safe Dogo ya dire kwali a kan teburin Injiniya, ya ce, "Ga 'ya'yanki sun dawo gida. Wai sun yi barci, sun ƙi tashi."

Ta buɗe. 'Yan kira ne guda arba'in da ɗaya, kowace da igiyarta. 'Yar kira wata 'yar na'ura ce da ake rataya wa tsoho ko mara lafiya a wuya. Maɓalli ɗaya gare ta. In mutum ya faɗi, ko numfashi ya sarƙe masa, sai ya danna, wayar ɗansa ko 'yarsa ta yi ƙara. Wani kamfani ne ke haɗa su, amma cip ɗin da ke raba wuta a cikinsu, ɗan mitsitsin abu da bai kai farcen jariri ba, daga wannan ɗakin gwaji ya fita. Aikinsa biyu ne kacal: ya sa na'ura barci don kada batir ya ƙare a banza, in an danna maɓalli kuma ya tashe ta. Takardar da ta ce cip ɗin lafiyarsa lau, sa hannun Injiniya ne a ƙasanta.

Amma ba takardar ce ta fara faɗo mata a rai ba. Wuyan Baba Gwangwani ne. 'Yar kira ta farko da aka haɗa da wannan cip tana rataye a can, kuma ita da hannunta ta rataya masa, yau wata goma sha huɗu.

Baba Gwangwani shi ya koya mata aiki. Shekara talatin ya yi a ɗakin nan, shi ya nuna mata yadda ake riƙe tsinken awo hannu bai yi rawa ba, shi ya sa mata suna Sauri, don ba ta taɓa jira dalma ta huce kafin ta taɓa. Sunansa shi kuwa daga wani gwangwanin biskit ya samo shi. A ciki akwai tsofaffin batura goma sha biyu, kowanne da lambarsa da jan fenti, kowanne da tarihinsa. Wannan ya shekara biyu a aljihun direba, wancan an manta da shi a taga rana ta gasa shi, wani kuma caji ne ya yi masa yawa har ya kumbura. Duk cip ɗin da zai fita, sai Baba ya bi da shi ta kan goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ke cin kwana tara.

Sauran ma'aikata da Saniya suke gwaji. Haka suke kiran babban akwatin wutar da ke kan kowane tebur, don ko yaushe ka tatsa za ta ba ka, ba ta gajiya, ba ta ƙafewa. Baba yakan ce, "Wa kuka taɓa gani yana yawo da Saniya a aljihu? Mutane da gajiyayyen batir suke yawo." A yi dariya, a ce tsoho ya fara.

Da aka ɗaga Injiniya aka ba ta shugabancin ɗakin, Manaja ya matsa mata lamba a kan lokaci. A wani taro, gaban kowa, ta nuna jadawali a bango, ta ce Saniya tana iya kwaikwayon batir cikakke da rabi da wanda ya kusa ƙarewa, duk cikin yini ɗaya. Da ta tsaya nan, da sauƙi. Ina! Sabuwar kujera tana da zaƙi. Ta dubi gwangwanin da ke gaban malaminta, ta ce, "Ba za mu ci gaba da ɓata kwana tara a kan bola ba."

Bola! Aka kuwa kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Baba ya jawo gwangwaninsa. Ya mayar da murfi, ya danna gefe huɗu a hankali, kamar yadda yake yi kullum. Bayan wata biyu ya ajiye aiki. Ranar sallama, da yake shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa, Injiniya ta rataya masa 'yar kiran nan, aka tafa, aka ɗauki hoto. Ya shafa igiyar, ya ce, "Na gode, Sauri." Tun daga ranar ba ta kira shi ba ko sau ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta koma shiru.

To, ga kwali a gabanta. Babu batir ko ɗaya a cikin na'urorin, masu haɗawa sun cire kafin su aiko, wai ba a yarda a saka su a jirgi ba. Babu wanda ya damu da hakan. A ɗakin nan abin da hannu ya saba shi ne a cire batir a jona Saniya, to an ma rage musu aiki. Ta jona ta farko, ta bar ta ta yi barci, ta danna. Fitila ta kawo, layi ya miƙe a allon awo, tsaf. Ta biyu haka. Kafin a tashi aiki duk arba'in da ɗayan sun farka kamar ba su taɓa yin laifi ba.

Dogo, wanda suka fara aiki shekara ɗaya da ita, ya jingina da tebur yana juya cokali a kofin shayi. "Ki kira Baba mana."

"In ce masa me?"

"Ki ce masa ina kwana. Sauran zai fito da kansa."

"Manaja ya ce kada maganar ta fita sai mun san inda matsalar take."

Gaskiya ne Manaja ya faɗi haka. Amma don Allah, Manaja ya hana ta ɗaga waya ta ce wa tsoho, Baba, ka riƙa ajiye wayarka a aljihu kwana biyun nan, kada ka dogara da abin wuyan nan? Maganar minti ɗaya ce. Ita ma ta sani. Sai dai in ta faɗi haka zai tambaye ta dalili, ita kuwa ba ta shirya jin abin da zai biyo baya ba. Ta ce a ranta bari ta kamo matsalar tukuna, ta je masa da amsa a hannu, kada ta je da kame-kame.

Talata ta wuni tana wahalar da na'urorin. Ta saka su a akwatin zafi, ta saka su a na sanyi, ta ɗora su a kan injin girgiza, ta sa wani ɗan inji ya danna maɓalli sau dubu biyar. Ta aika aka ɗauko sababbin batura dal daga sito. Duk a banza, kowace ta farka. Wajen ƙarfe goma na safe ta fito da lambar Baba a fuskar wayarta, ta zuba mata ido, yatsanta a kan wurin kira. Sai wani ya leƙo ya ce Manaja na nemanta. Ta kife wayar a kan tebur, har da ɗan jin daɗi a ranta cewa an katse ta.

Ranar Laraba dabara ta ƙare mata. Ta zauna ta rafka tagumi, tana kallon durowar ƙasa ta tsohon teburin Baba, wadda ba wanda ya buɗe tun tafiyarsa. Ta daɗe da sanin abin da ke ciki. Ta durƙusa, ta jawo. Gwangwanin yana nan, da takarda a naɗe a ƙarƙashin murfi, da rubutunsa mai karkata: a yi musu caji a hankali, sun tsufa.

Dogo bai yi tsokana ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya jawo kujera, ya taya ta jera su a kan caja.

Bayan azahar suka fara, gwajin farkawa kawai. Lamba ɗaya, ta farka. Biyu, uku, har shida, lafiya lau. Har zuciyarta ta fara cewa ka gani ko, ashe ba nan ba ne. Ta saka lamba bakwai. A takardar Baba an rubuta: na wata tsohuwa ne, kullum a kan caji yake kwana. Mita ta nuna batir cike yake taf. Ta bar na'urar ta yi barci. Ta danna.

Layin allo ya yi ƙasa kamar an taka shi, ya dawo. Fitila ba ta kawo ba. Ta sake dannawa. Shiru. Ta danna da ƙarfi har yatsanta ya yi fari, layin ya riƙa durƙusawa yana tashi, na'urar ko gezau.

Ba ta bukaci a yi mata bayani ba, ga shi a allo. Lokacin da cip zai farka, yakan zuƙi wuta da yawa a tashi ɗaya. Saniya ba ta jin wannan, sabon batir ma haka. Amma tsohon batir, ko ya cika, zuƙa ɗaya sai gwiwarsa ta sage na ƙiftawar ido. Cip ya ga wuta ta yi ƙasa, ya ɗauka batir ya mutu, ya koma barci don ya kare na'ura. Duk 'yar kiran da batirinta ya haura shekara tana iya yin haka. Wadda ta fi kowace tsufa a duniya kuwa, ta san wuyan da take.

"Innalillahi," in ji Dogo.

Injiniya tana tsaye ta kira lambar Baba. Wayar ta yi ta ƙara, sannan mace ta ɗauka. 'Yar Baba ce, babbar, wadda Injiniya ke kira Yaya tun tana zuwa gidansu da littafin koyon aiki.

"Sauri? Ke ce? Wa ya gaya miki?"

"Ya gaya mini me, Yaya?"

Jiya Talata da safe, wajen goma da rabi, Baba ya faɗi a banɗaki. Wayarsa tana ɗaki a kan gado. Sai bayan la'asar Yaya ta biya ta gidan, ta same shi a ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya ce da an kawo shi cikin awa biyu ko uku, da akwai allurar da za ta ceto hannun da ƙafar, wataƙila har da bakin.

Goma da rabi. Ta tuna wayarta a kife a kan tebur, ta tuna daɗin da ta ji.

Ba ta san ta fito da gwangwanin ba sai da ta gan shi a ƙirjinta a barandar asibiti. Yaya ta tare ta a bakin ƙofa, idanu sun kumbura. Ta zaro 'yar kiran daga jaka, ta miƙa mata, babu faɗa a muryarta.

"A hannunsa na same ta, ya damƙe. Da ƙyar muka ɓamɓare yatsun. Ban san sau nawa ya danna ba." Ta share hanci da gefen mayafi. "Kin san halinsa, ko tocila aka saya sai ya kwance ta ya ga cikinta. Na sha ce masa, Baba, wannan fa, ba za ka duba ta ba? Sai ya ce a'a, wannan ba ta bukata. Sauri ce ta gwada."

Injiniya ta so ƙasa ta tsage. Yaya ta tura mata ƙofa.

Baba yana kwance kusa da taga, ya rame cikin kwana ɗaya, gefen bakinsa na dama ya zube. Ta durƙusa a gefen gadon. Duk maganar da ta shirya a hanya ta watse.

"Baba, ni ce. Baba, ka yafe mini. Tun Litinin na sani akwai matsala, ban kira ka ba. Kuma abin da na faɗa a taron nan..."

Ba ita yake kallo ba. Gwangwanin yake kallo. Hannunsa na hagu, mai motsi, ya taso a hankali, ya sauka a kan murfin, ya danna gefe ɗaya, ya laluba na biyu. Leɓensa ya yi ta kokawa da wata kalma. Ta matso da kunnenta.

"Lam... ba?"

Sai da ya maimaita ta gane. Yana tambayar wane batir ne ya kama laifin.

"Bakwai, Baba."

Ya lumshe ido. Rabin fuskar da ya rage masa ya yi murmushi, irin wanda yakan yi mata shekarun baya in ta gano waya ta tsinke ba tare da ya nuna mata ba. Ya ɗaga hannun daga murfin, ya ɗora a kanta.

"Ma... dalla."

Wallahi da zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ta kifa goshi a ƙarfen gadon, tana kuka kamar yarinya, hannunsa yana nan a kanta bai ɗauke ba. Wayarta ta yi ta ƙara a jaka, Manaja ne yana son jin sakamako. Yaya ta zo ta zare gwangwanin daga cinyarta don kada ya faɗi, ta ajiye shi a kan teburin magani, kusa da kofin ruwa.