Kwanon Pokuaa a Gidan Twumasi

Na dawo garinmu Ejisu, a ƙasar Gana, daga karatu a Ingila na tarar aurena da Pokuaa ya riga ya mutu. Abin da ya rage shi ne wa zai riƙe 'yarmu Afrakoma.

Dangi suka ce kada a je kotu, a kai wa Opanin Twumasi, wato Dattijo Twumasi, ya raba. Babba ne a coci, mai sayen koko, matarsa ta rasu. Na ajiye masa kwalbar giya kamar yadda ake yi, Pokuaa ta ajiye tata. Wanda ya ajiye kwalba ya yarda da duk hukuncin da zai fito. Twumasi ya saurare mu, ya ce yarinya ta zauna wurin uwarta, ni in riƙa zuwa ran Lahadi.

Na haƙura, har yammacin da na ga Pokuaa ta shiga gidansa da kwanon fufu, sakwarar rogo, a ka, an rufe da farin ƙyalle. Shuɗin kwanon nan ne da take kawo mini abinci a ciki farkon aurenmu. Mace a garinmu ba ta kai wa namiji abincin yamma don tausayi.

Washegari na tafi Kumasi wurin Lauya Gyamfi, abokina tun makarantar kwana, na ce a maka Twumasi a kotu. Ya yi dariya, ya ce doka ta kare mai sulhu: ko ya yi kuskure ba a ƙararsa, in ba haka ba wa zai yarda ya shiga rigimar gidan wani? Ƙofa ɗaya ce a buɗe, a nuna da mugun nufi ya yanke. In kwanon ya fara zuwa kafin zaman sulhun, hukuncin ya rushe, ina iya neman Afrakoma. In bayan zaman ne, sai dai in kai gudummawar bikin aurensu.

"Bature, ka samo mai shaida," in ji shi, da sunan da yake tsokanata da shi tun dawowata. "Kishi ba ya rantsuwa a kotu."

Na tambayi maƙwabtan Twumasi. Duk cikinsu babu wanda bai taɓa raba wa faɗa ba, saboda haka babu wanda ya taɓa ganin kwano. Saura mutum ɗaya.

Na sami Pokuaa ran Lahadi tana dakan rogo, Afrakoma tana coci. Na faɗa mata abin da Gyamfi ya ce, ban rage komai ba. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Kwabena, ba na rantsuwar ƙarya, ka sani. In ka kira ni kotu zan faɗi ranar. Ko tun kana Ingila ne, ko sai bayan zaman. Kana so ka ji?"

Na tuna lokacin sanyi a can, ina cin burodi a tsaye ina duban hotonta. Na ga Twumasi a raina yana wanke hannu, yana buɗe farin ƙyallen. Amsar da za ta dawo mini da 'yata ita ce wadda ba zan iya zama a gaban alƙali in saurara ba.

"Bar shi," na ce.

Ta ci gaba da daka. Na zauna a benci ina jiran Afrakoma. Shuɗin kwanon yana kife a kan murhu, an wanke shi tas, yana jiran yamma.