Bugu na Uku

Malam Illo mutum ne da ya iya tsayawa gaban jama'a, kuma abin da ya kai shi ya baro ke nan. Shekara ashirin yana koyarwa a Sabon Garin Maraɗi kafin a maishe shi konseye, wato mai koya wa malamai yadda ake koyarwa, aikin da ya fi koyarwar kanta sauƙi nesa ba kusa ba.

Da wata ƙungiya ta kawo tabulet don lakwal ɗin ƙauyuka, wato makarantun boko, shi aka ɗora wa tsara darussan da za a zuba ciki. Ya yi sati biyu yana kallon farar takarda. Daga nan ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Tibiri wurin tsohon malaminsa, Mushe Jibo (Mushe ake ce wa malamin lakwal, daga Faransanci), wanda ya fara aiki can wajen Yamai tun zamanin da ake koyar da yara ta tele, wato talabijin, a cikin aji. Tsohon ya ba shi aron akwatin ƙarfe cike da takardun shirin darasi na shekara talatin da biyar, dukansu da hannu aka rubuta.

Hanyar Mushe Jibo ba ta da wuya. Ya yi tambaya, ya bugi tebur sau ɗaya, kowa ya rubuta amsa a arduwaz, ɗan allon nan na yara. Bugu biyu, kowa ya ɗaga. Ya duba, ya gyara, bugu uku a goge. Illo ya kwashe wannan kaf ya zuba a tabulet, ya raɗa masa sabon suna da Faransanci, ya sa nasa sunan a ƙasa.

Da nan ya tsaya, da da sauƙi. Ranar horar da malamai a Jiratawa sai ya buɗe da tarihi: allo da tawada, arduwaz, rediyo, tele, yau ga tabulet. Ya ga mutane na hamma, sai ya haska wata takardar tsohon a bango, ya rage wuya, ya kwaikwayi tafiyarsa da yadda yake bugun tebur. Ɗaki ya ɗauki dariya. Illo ya ji daɗi, ya ƙara. Sai a bugu na uku ya hango Balkisu, 'yar Mushe Jibo, wadda ke koyarwa a nan Jiratawa, zaune a layin baya. Da aka tashi ta gaishe shi da "Mushe konseye", ita da tun tana ƙarama Yaya Illo take ce masa.

Akwatin ya kwana goma sha ɗaya a ƙarƙashin teburinsa. Kullum sai ya yi tuntuɓe da shi, kullum sai ya samu uzuri. Har matarsa Atika ta tambaye shi ko gadonsa ya ci.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗaura akwatin a kabu-kabu ya tafi Tibiri. Ya tarar da tsohon a zaure, idanun nan sun yi fari, Balkisu na gefe tana tsince zogale. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi maganar ruwa. Illo ya ja gaisuwar har ta fara tsinkewa. Sannan Mushe Jibo ya tambaya ko takardun sun yi amfani, kuma me malamai suka ce.

Ashe Balkisu ba ta faɗa wa tsohon ba. Ta bar masa kayansa.

Illo ya soma bayani a kan sauyin zamani da ci gaban ilimi. Ya yi nisa, bai taɓo amsar ba. Tsohon ya saurara, sannan ya laluba cikin akwatin ya zaro arduwaz da guntun alli.

"Tun kana aji uku haka kake, Illo. In ba ka da amsa sai bakinka ya yi tsawo. Rubuta."

Ya bugi murfin akwatin sau ɗaya. Konseye guda, da tumbinsa da furfurarsa, ya duƙa ya rubuta. Bugu biyu, ya ɗaga.

"Ni ba ni gani. Balki, mi ya rubuta?"

Ta karanta ba tare da ta dube shi ba: "Na ɗauki aikinka na sa sunana. Kuma na sa an yi maka dariya."

Tsohon ya tambaya ko dariyar ta yi yawa, Illo ya ce ta yi. Tsohon ya ce to ai ba laifi, ko lokacin da aka kwashe tele daga aji sai da aka yi wa masu tele dariya, shi ma yana cikin masu yi. Illo ya ji sanyi ya fara sauko masa, ya kai hannun riga zai goge.

"Wa ya buga uku?" in ji Mushe Jibo. "Yaushe za ku koma Jiratawa?"

"Alhamis, Mushe."

"To, can za ka ɗaga shi."

Haka Illo ya komo Maraɗi a bayan kabu-kabu, riƙe da arduwaz nesa da rigarsa kada allin ya goge. Mai babur ya tambaye shi ko na yaronsa ne. Ya ce a'a, nasa ne.