Hatimin Arzika

Zamanin da wani kamfanin auduga ya buɗe ɗakin magani a Kankia, Arzika ne mai hatimi. Duk wanda ya zo, sai ya tabbatar ma'aikaci ne ko iyalinsa, sannan ya buga hatimi a kati, kamfani ya ɗauki nauyin magani. In ya buga wa bare, a bakin aikinsa. Kuma bai san alfarma ba, kawunsa ma ya taɓa mayarwa gida da tarinsa.

Rannan da damina sai ga Ma'aruf mai awon auduga, ɗan malamin da ya karantar da Arzika a Mawashi. Ya zo da mace cikin lulluɓi har ƙasa, tana nishi.

"Yaya Arzika, Mairama ce, naƙuda. Ko sai ta buɗe maka fuska?"

"Subhanallahi! Surukar Malam zan leƙa?" Ya kau da kai, ya buga.

Kaka na shigowa, sai ga Ma'aruf da wata naƙudar, da katin dai. Ungozoma ta duba ta saki salati.

"Wace irin mace ce wannan, ta haihu da damina ta dawo da kaka? Ko akuya ai tana hutawa!"

Wannan ce Mairamar gaske. Ta farkon matar wani ɗan kasuwa ce daga Dudunni, aron katin aka ba ta.

Manaja Dabo ya tara su a ofis. Ma'aruf ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni awo na sani. Mace na tsinta a hanya na taimaka. Ban ce matata ce ba. Dubawa ai aikin mai hatimi ne."

"Ma'aruf, dube ni ka sake faɗi," in ji Arzika.

Ya dube shi kuwa, ido cikin ido, ya sake faɗi.

"Arzika, ka ga fuskarta?" in ji manaja.

"Ban gani ba."

"To aje hatimin."

Arzika ya koma gona. Da ya je gaida Malam, ya iske tsohon a zaure, ido ya tafi, yana laluben carbi.

"Arzika, Ma'aruf ya ce sakaci ka yi aka sallame ka, har ka so jawo masa. Haka na koya maka?"

Arzika ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Sai ya dubi tsohon da carbinsa, ya fasa.

"Kuskure ne, Malam," ya ce. "A yafe mini."