Kunnen Usta Maliki

Mujtaba ya dawo daga Jidda a shekarar 2008 da akwati biyu, da baƙin tabarau, da tabbacin cewa shi ba mutumin gona ba ne. Shekara shida ya yi a can yana wanke motocin mutane, ya dawo ya san fenti sosai, bai san inji ba ko kaɗan.

Motar da ya gani a kasuwar garin Hajj Abdalla ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. An ƙera ta ne don titin da ba shi da rami, a ƙasar da ba ta da jakuna. Wani injiniya da ya yi aiki a Rusairis ne ya shigo da ita, ta bi ta hannun mutum uku, kowanne ya yi murna ranar da ya saya, ya fi murna ranar da ya sayar, har ta faɗo hannun wani dillali mai suna Jibril. Mujtaba ya ce zai riƙa ba da ita haya ga angwaye daga nan har Makwar. Kuɗin da ya zo da su ba su kai ba. Abin da zai cike giɓin shi ne hawasha, gonar ban ruwa ta fadan biyar, wajen eka biyar ke nan, da mahaifinsa ya bari a ƙauyen Hillat Sambo. Mahaifiyarsa, Iya Hindu, ita ke noma ta tun rasuwar mijinta: auduga, dawa, wani lokaci gyaɗa. Daga nan take ci, kuma ba ta da komai bayan ita.

Mako uku yana bin ta daga madafa zuwa gona, yana roƙon ta sayar da gonar. Ranar da ta gaji ta ajiye muciya ta dube shi.

“Ka kai Usta Maliki ya saurari motar. In ya ce lafiya take, in dangwala yatsa a takarda. In ya ce a’a, kar ka ƙara yi mini zancen mota har in mutu.”

Usta Maliki abokin marigayi mijinta ne, gwanin inji, shi ya sa ake ce masa Usta. Shekara talatin ya yi yana kula da injinan ruwa a madatsar Makwar, kuma tun da ya bar aiki masu injinan ban ruwa na bakin kogi suke aikowa a ɗauke shi. Ba ya kwance inji. Yana da wata sandar ƙarfe, tsawon kamu guda. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kanga ɗaya bakin a kunne, ya rufe ido, ya faɗi abin da ke ciwo a ciki. Ana biyansa da buhun dawa, ko albasa, ko abin da ya samu. Da wannan yake rayuwa shi kaɗai a ɗaki ɗaya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, kunnuwan nan sun yi shekara biyu suna mutuwa, kuma yanzu sun kusa gamawa. Ya koyi zama da bango a bayansa. Ya koyi kallon leɓɓan mutane. Sandar kuwa ya daina kai ta kunne, cije ta yake yi, motsin injin ya bi ta haƙori ya shiga kai. Mutane sun ɗauka wata ƙwarewa ce ta tsufa, shi kuma bai gyara musu ba.

Suka isa kasuwar Hajj Abdalla da hantsi. Motar tana ƙarƙashin bishiyar darbejiya kusa da teburin wata mai shayi, Sakinatu, an wanke ta har tana ɗaukar ido. Mutum goma sha wani abu suna tsaye suna kallo, don a kasuwa kallo kyauta ne.

Usta Maliki bai dubi fentin ba. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet.

“Wa ya tashe ta?”

“Ni,” in ji Jibril. “Don ta warware, ya Usta. Kamar doki take.”

“Ba a sauraron inji da zafi. Da sanyi yake faɗin gaskiya. A bar ta sai gobe da safe, makulli a aljihuna.”

“Gobe akwai wani daga Madani da kuɗinsa a hannu.”

“Baba, don Allah,” in ji Mujtaba. “Saurare ta haka nan. Wannan ba injin ban ruwa ba ne.”

Tsohon ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ce a buɗe. Ya zaro sandar duba mai, ya shafa baƙin man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina, ya goge a gefen hannun rigarsa fara. Aka tayar da motar. Ta yi gurnani mai daɗi, masu kallo suka ce masha Allah. Usta Maliki ya sunkuya cikin injin, ya kafa sandarsa, ya cije, ya rufe ido. A karo na farko cikin shekara biyu ya ba taro baya.

Sakinatu ce ta fara, ba da mugunta ba. “Usta, shayinka da madara ko baƙi?”

Ya ci gaba da cizon sandarsa.

Ta ɗaga murya ta sake tambaya. Tsohon bai motsa ba. Motar tana tsaye tana huci a hankali, ba ƙarar da za ta danne muryar mace mai sayar da shayi a kasuwa.

Jibril dillali ne, aikinsa ke nan ya ga abin da mutum ke ɓoyewa. Ya matso har numfashinsa ya kusa taɓa wuyan tsohon.

“Ya Usta, rawaninka ya kama wuta.”

Usta Maliki ya ɗan gyaɗa kai, kamar yadda ya saba in yana bin wani motsi a cikin inji.

Dariyar farko ta fito daga bakin Mato mai facin taya. Ya zo shi ma ya tsaya a bayan tsohon.

“Tsoho, jakina yana neman mata, ko kana da ’ya?”

Tsohon ya sake gyaɗa kai.

“Ya yarda! Wallahi ya yarda! A shafa fatiha!”

“Ku ji tsoron Allah,” in ji Sakinatu, tana rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Suka yi layi. Wani ya tambaye shi ko shi ne ya saci ƙofar madatsar Makwar. Wani ya yi kukan akuya. Wani dattijo mai furfura, wanda ya kamata ya hana, ya zo ya yi kiran sallah a hankali daidai kunnensa na hagu. Mujtaba da fari ya sunkuyar da kai don kunya. Sannan ya ɗago, ya dubi bayan tsohon, ya dubi motar, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abu a hanya.

Usta Maliki ya miƙe, ya cire sandar daga baki, ya juyo. Ya ga fuskoki goma sha wani abu sun daidaita lokaci guda, da sauri fiye da kima.

“Kashe ta,” ya ce. “Ɗana, wagga mota ba ta da rai. Ƙasan injin yana bugawa. An ɗura mata mai mai kauri, irin na giyar mota, don ya danne bugun, shi ya sa aka ɗumama ta kafin mu zo.” Ya ɗaga hannun rigarsa cikin rana. A cikin tabon baƙin man wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalli kamar garin zinariya. “Wannan ƙarfe ne. Cikinta take ci. In ta yi wata guda, a yanke mini hannu.”

Gaskiya ya faɗa, kalma da kalma.

Jibril ya yi murmushi. Ya ɗora tafin hannu a kan bakinsa, ya rufe shi ruf, ya yi magana mai tsawo yana kallon tsohon ido cikin ido. Sannan ya sauke hannun.

“To, ya Usta? Mi ka ce?”

Usta Maliki ya dubi hannun, ya dubi Mujtaba. Kasuwa ta fashe da dariyar da take riƙewa, shi kuma yana ganinta a haƙoran mutane.

“Mutumin da bai ji jakin Mato ba,” in ji Jibril, “shi ne ya ji bugu a cikin injin Turawa. Khalas, magana ta ƙare, ya jama’a.”

Suka koma a motar haya. Da suka sauka, suna bin gefen magudanar ruwa zuwa ƙauye, Mujtaba ya sha gabansa, ya cire tabarau, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai, kamar mai koyar da yaro karatu.

“Baba, kana ganin bakina?”

“Ina gani.”

“Hajj Abdalla da nisa. A nan ba wanda ya sani. Masu injinan bakin kogi ba su sani ba. Ni kaɗai.”

“Motar nan matacciya ce, Mujtaba.”

“Ba wannan na tambaye ka ba. Za ka ce wa Iya lafiya take. In ka faɗi wani abu daban, ranar Juma’a a ƙofar masallaci zan tsaya a bayanka in yi kukan akuya. Sai mu ga wa zai ƙara aiko maka da buhun dawa.”

“Ni na wanke gawar ubanka.”

“Allah ya saka. Yanzu ka taimaki ɗansa.”

Iya Hindu ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kawo ruwan sanyi na randa. Ta zauna daga gefe, ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo.

“Usta, ka saurare ta?”

“Na saurara.”

“Ni ban san mota ba. Kai na sani. Yaya take?”

Ya sha ruwan duka, ya ajiye kofin. Ya naɗe hannun rigarsa inda tabon yake.

“Lafiya take, Iya.”

“To, alhamdu lillahi,” ta ce. Ba ta ƙara tambaya ba. Ranar Lahadi ta dangwala yatsa a takardar sayar da gonar.

Motar ta yi kwana ashirin da uku. Ta ɗauki ango biyu. A na uku, a kan hanyar Makwar, da amarya a ciki, injin ya buga, ya huda jikinsa, mai ya tsiyaye a kwalta. Tarakta ce ta jawo ta zuwa ƙauye, yara suna bi suna tafi. Mujtaba ya sayar da tayoyi da kujeru, ya tafi Khartum neman hanyar komawa Jidda. Sau ɗaya ya yi waya.

Sirrin da tsohon ya saya da gonar kuwa bai kai mako guda ba. Mutanen Hillat Sambo suna cin kasuwar Hajj Abdalla kamar kowa, kuma Mato mai faci yana ba da labarin ga duk wanda ya kawo taya. Labarin ya iso da jakin, da akuyar, da kiran sallar. Maganar ƙarfe a cikin mai ba ta iso ba, don ba ta ba da dariya. Masu injinan bakin kogi suka daina aikowa.

Da lokacin tsinkar auduga ya zo, Iya Hindu ta ɗaura buhu a ƙugu ta shiga layin ’yan ƙwadago, a gonar da ta san kowace kunya tata. Wata rana da la’asar, bayan an tashi, ta zo ƙofar Usta Maliki da kwano a hannu, kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa. Yatsunta duk sun tsage da ƙayar auduga. Ta durƙusa daidai gabansa, ta ɗaga murya yadda kowa ke yi masa yanzu.

“Usta! An ce ba ka cin abinci! Kar ka sa abin nan a ranka! Ba laifinka ba ne! Kunne ne, Allah ya ba ka, Allah ya karɓa! Da ka ji, na san da ka faɗa mini!”

Ya kalli bakinta har ta gama. Kowace kalma ta shiga.

“Ci mana!” ta ce, ta tura masa kwanon.

Yunwa yake ji, tun jiya bai ci komai ba. Ya wanke hannu, ya ce bismillahi, ya ci, ita kuma tana zaune tana kore masa ƙudaje.