Gonar Alhaji Aura

Malam Badaru na Tsamiyar Gabas, wani ƙauye da ke gefen hanyar Ɗambatta, mutum ne da ba ya son raini ko na ƙwayar zarra. Gonarsa ta gado ba ta da wani girma, domin a yankin nan gonaki a manne suke da juna, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabci. Amma ya fi alfahari da ita a kan komai.

Shekarar da aka turo ma'aikata su auna gonaki a ba kowa takardar mallaka, ranar da aka zo kan tasa ya tafi suna Gezawa. Wanda ma'aikacin ya tarar a bakin iyaka shi ne Baba Abdulmumini, tsohon maƙwabcinsa, wanda kunnensa ya daɗe da yin nauyi amma bai taɓa yarda ba.

Bayan wata takwas takardu suka iso. Badaru ya kai tasa wurin Malam Khalilu, malamin firamare, ya karanta masa a gaban 'yan majalisa.

Malam Khalilu ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Malam Badaru, ka sayar da gonar nan ne?"

"Na sayar da me?"

"To, a nan an rubuta mai gona Alhaji Aura Duna."

'Yan majalisa suka kalli juna. Duk garin Aura ɗaya ne, jakin gidan Badaru. Duna kuwa baƙin jakin nan ne da ya haife shi, wanda ya mutu shekarun baya.

Aka kira Baba Abdulmumini, aka yi ta ɗaga murya har ya gane tambayar. Ya ce shi dai gaskiya ya faɗa. Ma'aikaci ya nuna tsakiyar gona inda jakin yake ɗaure, ya tambayi suna, ya faɗa masa. Ya tambayi sunan uba, ya faɗa masa. "Alhajin ne dai ban san inda ya samo ba," in ji shi. "Ni ban taɓa jin ya je ba."

Daga ranar Badaru bai ƙara shan ruwa da daɗi ba. In ya ɗauko taki a kan jakin, sai mutane su tsuguna a bakin hanya suna, "Barka da fitowa, Alhaji. Wannan ne sabon ɗan ƙodagon naka?" A gida ma bai tsira ba. Matarsa Maijidda ta tuna masa cewa jakin nata ne, da buhun gyaɗarta ta musanya shi tun yana ɗan ƙarami.

"Saboda haka," ta ce, tana tankaɗen gari, "gona ta Aura ce, Aura nawa ne. Malam, bana kuɓewa za mu shuka."

Washegari Badaru ya saka babbar riga ya nufi ofishin filaye na cikin gari. Ya tarar da wani ma'aikaci mai suna Nabil, mutum mai tsananin bin ƙa'ida, wanda ko biro zai ara maka sai ka rubuta takarda. Badaru ya zayyana masa komai. Nabil ya danna kwamfuta, ya gyaɗa kai.

"Baba, gyara ba wuya. Hanya biyu ce. Ko mai sunan ya zo da kansa ya sa hannu cewa ya yarda a canza, ko a kawo shaidar rasuwarsa."

"Na ce maka jaki ne!"

"Baba, a daina zagin mutum ba ya nan."

"Ba zagi ba ne, jaki ne mai kunne da jela!"

Nabil ya juyo masa da fuskar kwamfutar. "Nan Alhaji aka rubuta. Ni abin da ke rubuce nake bi."

Badaru ya koma gida yana huci. Ya tsaya a bakin turke ya daɗe yana kallon jakin, yana nazarin hanya ta biyu. Maijidda ta leƙo daga madafi ta ga irin kallon, ta ce, "Wallahi Malam, ko gashinsa ɗaya ya faɗi, ni ce magajiya."

Sai ya zaɓi hanya ta farko. Ranar Litinin da sassafe ya wanke Aura tas, ya ɗaura masa sabuwar igiya. Maijidda ta ce ƙafarta ƙafar dukiyarta, ta yafa mayafi. Baba Abdulmumini ma ya biyo su a matsayin shaida, ko da yake shi a zatonsa kasuwa za a kai jakin, har yana ba da shawarar kada a sallama da wuri.

Mai gadin ofis ya tare su a ƙofa. Badaru ya miƙa masa takardar, ya ce, "Mai sunan ne aka ce ya zo da kansa." Mai gadi ya dubi takarda, ya dubi jaki, ya rasa dokar da ta hana, ya matsa gefe.

Nabil na cikin shan shayi ya ji numfashi mai ɗumi a bayan wuyansa ta taga. Ya waiwaya suka yi ido huɗu da Aura. Kofin ya kife a kan tebur.

"Ga Alhajin," in ji Badaru. "Kawo biro."

Nabil bai yi dariya ba. Ya goge tebur, ya buɗe littafin ƙa'idoji, ya bi layi da yatsa, ya ce wanda bai iya rubutu ba yana iya dangwala yatsa. Ya ɗauko tawadar dangwale ya fito tsakar ofis, mutane suka kewaye. Badaru ya kama ƙafar gaba, Maijidda na faɗin a bi a hankali. Aura dai bai yarda a canza sunan ba. Ya fizge, ya kafa kofato a cikin tawadar, ya bi ta kan farar rigar Nabil da ya ajiye a benci, sannan ya buɗe baki ya saki kukan da ya sa wata mai sayar da awara ta watsar da farantinta.

Kukan ne ya fito da shugabar sashen, Hajiya Nuriyya, daga ofishinta. Ta saurari Badaru, ta saurari Nabil, ta yi ƙoƙarin sauraron Baba Abdulmumini, wanda ya shaida mata cewa jakin ba ya cizo kuma yana jan kaya sosai. Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Na waje suka ji tana ƙyaƙyatawa har da buga tebur. Da ta fito, fuskarta a ɗaure kamar ba ita ba.

"Nabil, akwai fom na uku a ƙasan durowarka, na kuskuren ma'aikaci. Wasiƙar mai unguwa da shaidu biyu masu ji da kyau, shi ke nan."

Tun da abin ya zama haka, ta sa aka buɗe fayil ɗin Tsamiyar Gabas gaba ɗaya. Aka tarar gonar Baba Abdulmumini kansa tana ɗauke da sunan wani Malam Mekace Naam, gonar liman kuma an nuna ta a tsakiyar kwalta. Mutum goma sha ɗaya suka cike fom na uku a makon nan.

Maijidda ba ta janye ƙorafinta na cewa gonar tata ce ba sai da Badaru ya yarda, a gaban Hajiya Nuriyya, zai bar mata kunya shida ta gefen rijiya. Ya yarda yana cije baki.

Bayan sati biyar sabuwar takarda ta iso. Badaru ya sa mutum uku suka karanta masa ita daban-daban, kowanne ba tare da sanin sauran ba, duk suka ce sunansa ne da na mahaifinsa. Ya naɗe ta a leda biyu ya kulle a akwati. Ruwan shuka ya sauka ranar Alhamis, ya ɗauki sungumi ya fita gona tun rana ba ta yi zafi ba.