Cokali-Cokali da Inna

Siriri ya take birkin da ke gefensa da ƙarfi, motar ta yi turjiya ta tsaya, saura ƙiris ta rungumi kwandon shara.

"Shugaba, dama na ce."

"Ai dama na yi."

"Wannan hagu ce."

"Malam, shekara talatin da biyar ina koya wa yara dama da hagu."

"To yau sun yi musayar wuri. Sa ribas, a hankali."

Ɗalibar tasa tsohuwar shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya, ta ce ba za ta mutu ba ta iya tuƙi ba. Yadda take tuƙin, Siriri yana ganin abubuwan biyu za su iya zuwa rana ɗaya. Ta lalubi giya, motar ta yi kukan akuya, shi kuma cikinsa ya amsa mata.

Sunan Siriri tun yana yaro mahaifiyarsa ta laƙaba masa, lokacin da iska mai ƙarfi kan sa a riƙe masa hannu. Yanzu shekararsa hamsin da biyu, kilo ɗari da huɗu, kuma in ya zauna a kujerar direba sai tumbinsa ya riga hannunsa isa sitiyari. Wata biyu da suka wuce likita ya auna jininsa, ya sake aunawa, sannan ya cire tabarau ya tambaye shi ko yana da yara ƙanana. Daga nan aka tura shi wurin wata ma'aikaciya mai fara'a, ta sa masa manhaja a waya, ta ce kalori dubu ɗaya da ɗari takwas a rana, ba ƙari. Ta kuma faɗi wata magana da ya riƙe fiye da duk sauran: babu abincin da aka hana shi. In yana son kayan daɗi ya ci, amma ya rage a wani wurin.

Da wannan ƙofa yake shiga kullum da yamma.

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a wurin ƙanwarsa Auta. Ƙugunta ya lalace har ba ta iya zuwa banɗaki sai an riƙe ta. Likitoci sun yarda za su yi mata aiki, amma sun ce ta rame da yawa, sai ta ƙara kilo uku. Gobe da safe za a ɗora ta a kan sikeli. In ta cika, aiki ranar Litinin. In ba ta cika ba, sai bayan wata uku, kuma babu mai tabbacin ƙafar za ta jira. Saura kaɗan ta cika, amma kaɗan ɗin nan ya ƙi zuwa tun makon jiya.

Matsalar ita ce Inna ba ta cin abinci ita kaɗai. Tun rasuwar mahaifinsu take cewa abincin da mutum ya ci shi ɗaya magani ne, ita kuma ta gaji da magani. Auta ta gwada zama da ita, Inna ta ce Auta tana cin abinci kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ko mai lafiya ya kalle ta sai ya ƙoshi. Siriri ne kaɗai cinsa ke buɗe mata ciki. Abin da ya fi shiga kuwa askirim ne, na roba, mai madara sosai. Dokarta ɗaya ce: cokali ɗaya shi, cokali ɗaya ita. In ya tsaya, ta tsaya.

Rabin robar kalori ɗari biyar ne. Saboda haka kowace rana sai ya tsakuro ɗari biyar ɗin daga bakin safiya da rana. Yau da safe shayi ba sukari ya sha da dafaffen ƙwai ɗaya. Abincin ranarsa yana cikin akwatin gaban mota: kabeji, kokwamba, da wani yankin kaza da aka dafa ba mai, fari fat kamar an tsorata shi.

A bakin ƙofar makarantar tuƙin, bayan sun tsira da ransu, Shugaba ta jawo jakarta ta fito da wani ƙunshi. Tun kafin ta buɗe, ƙamshin ya gama gabatar da kansa. Donot ne guda biyu, da ɗuminsu, sukari ya kwanta a kansu. Ta ɗauki ɗaya, ta miƙa masa ɗaya a takarda.

"Na gode, Shugaba, amma an sa mini doka."

"Wa?"

"Likita."

"Likitan yana cikin motar nan?"

"Yana cikin waya."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ya sa yara dubu suka amsa laifin da ba su yi ba. "Da hannuna na soya. Yau sau ɗaya kawai na kashe maka mota. Ba za ka taya ni murna ba?"

Sau huɗu ta kashe, amma ba a musu da mai donot. Ya ce zai ɗanɗana rabi don girmamawa. Ya gutsura daidai tsakiya, ya tauna a hankali kamar mai karanta wasiƙar masoyi. Sai ya ga ɗaya rabin ya zauna shi kaɗai a takarda, abin tausayi. Da ya farga, takardar ce kawai a hannunsa.

Wayar ta ce ɗari biyu da tamanin. Ya nemi wani donot mai rahusa a jerin da ke cikinta, ya samu na ɗari da casa'in, ya daɗe yana kallonsa. Wanda ya ci ya fi wannan girma, shi ma ya sani, donot ɗin ma ya sani. Ya danna na gaskiyar yana tsaki.

Dole kaza ta fita daga lissafin rana. Ya ci kabeji da kokwamba a zaune a mota, yana kallon masu wucewa da ledojin abinci kamar ba su san ana mutuwa ba. Ɗalibai uku na bayan azahar sun sha faɗan da ba su san mafarinsa ba. Ɗaya ya manta bai kunna sigina ba, Siriri ya yi masa wa'azin minti goma har da misalin marayu.

Ƙarfe biyar ya sayi robar askirim a babban kanti, ya ajiye motar tun daga farkon layi don ya yi tafiyar ƙasa. A ginin su Auta ya wuce lif ya kama matakala, hawa shida. A hawa na uku ya tsaya ya yi kamar yana karanta sanarwar da aka manna a bango. A na biyar ya karanta wata, duk da babu komai a bangon. Da ya isa ƙofa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya duba waya don ya ga ladansa. Kalori talatin da ɗaya.

Ya ce wa wayar, "Ke dai ba ki da imani."

Auta ta buɗe ƙofa, ta dubi ledar hannunsa, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, yau akwai rigima. Tun safe ba ta ci komai ba sai shayi."

"Me ya faru?"

"Ta kira matarka."

Inna tana kishingiɗe a kan gado kusa da taga, matashi uku a bayanta, sandar ƙarfen da take dogarawa a jingine da bango. Hannayenta a kan bargo kamar ƙirare. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ya jawo kujera, ya buɗe robar, ya ɗora a kan tiren da ke cinyarta da cokula biyu kamar kullum. Ba ta ko kalla ba.

"Siriri, me ka ci da rana?"

"Na ci abinci, Inna."

"Ba sunan taron na tambaye ka ba. Me ka ci?"

"Kabeji. Da kokwamba."

"Zomo na haifa ashe."

"Inna..."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sati uku ina kallon wuyan rigarka yana faɗi. Na tambayi uwar 'ya'yanka, ta yi ta kwana-kwana irin na ɗalibanka, na ce ta tsaya ta faɗa mini gaskiya. Ashe jininka ya hau. Ashe wuni kake da yunwa don ka zo nan ka sha sukari da ni." Ta tura tiren da ɗan yatsa. "Ɗauke. Ba zan gyara ƙafata da zuciyar ɗana ba."

Ya fito da waya da sauri, ya matso da ita gaban idonta. Ya yi mata bayanin dubu da ɗari takwas, ya nuna mata inda ya ware ɗari biyar, har da layin kore da ke nuna bai ƙetare iyaka ba. Ya ce likitoci da kansu suka yarda, ilimi ne, ba son rai ba.

Ta bar shi ya gama. "Wato duk saboda ni kake wannan wahala."

"Saboda wa kuma?"

"In na warke na daina sha, kai ma ka daina?"

Ya mai da wayar aljihu. Auta da ke tsaye a bakin ƙofa ta kama dariya ta ɓoye a mayafi.

Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, ranar da aka ce Inna ba ta shan askirim sai da shi, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. A duk cikin masu rage ƙiba na duniya, shi kaɗai ne yake shan rabin roba kullum a matsayin biyayya ga uwa. Matarsa ba ta iya magana, likita ba ya iya magana. A kan matakala ma ba fuskar Inna yake gani ba, murfin robar yake gani.

Ya sosa ƙeya. "Yana da daɗi, Inna."

"Ai na sani. Wa ya haife ka? Yadda kake lumshe ido a cokalin farko, ko gawa sai ta nemi a ɗanɗana mata."

"To ki sha mana. Gobe ne fa awon. In suka ɗaga aikin nan..." Ya yi gyaran murya ya ɗora wa matakala laifi. "Wata uku a kan gadon nan, Inna. Ki sha ke kaɗai, ni in zauna in kalle ki."

"Ka zauna kana haɗiyar yawu kamar maraya a gidan biki? Ba zai wuce mini ba."

Askirim ɗin ya fara narkewa ta gefe-gefe, kuma Siriri ya ji kunyar cewa shi ne ya fara lura da hakan. Inna ta dubi robar, ta dubi ɗanta, ta dubi ƙafarta a ƙarƙashin bargo.

"Auta, kwashe cokulan nan. Kawo mini babban da kike zuba shinkafa da shi. Ki haɗo da ƙaramin nan na shayi."

Auta ta dawo da su. Inna ta karɓi babban, ta miƙa wa Siriri ƙaramin. A cikin ƙaton hannunsa kamar tsinken sakace.

"Doka tana nan yadda take. Ɗaya kai, ɗaya ni. Fara."

"Inna, wannan ai ko tsuntsu..."

"Kuma ka lumshe idon yadda ka saba. Kar ka yi mini rowar fuska."

Ya ɗebo. Abin da ya hau cokalin bai kai ƙwayar wake uku ba. Ya sa a baki, ya lumshe ido, kafin ya gama lumshewa ya narke ya tafi. Inna ta nutsa nata cokalin har wuya, ta ɗago da tudu guda, ta bi shi a hankali, gefe-gefe, har ta share. Ta nuna masa robar da haɓa.

Haka suka yi ta yi. Ta ba shi labarin maƙwabciyar da ke sama, mai jan kujeru da asuba kamar tana koyar da su tafiya. Ya ba ta labarin Shugaba da kwandon shara, ta yi dariya har ta dafe ƙugu tana cewa ya bari. Ya lissafa cokulansa, don hali ba ya barin mai shi: goma sha ɗaya. Duka-duka ba su kai kalori tamanin ba. Ya wuni da kabeji, ya sadaukar da kaza, ya hau hawa shida, ga fiye da ɗari huɗu a hannunsa ba inda zai kai su.

Cokalin Inna ya fara ƙarar karce gindin roba. Auta ta juya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi, tana goge ido da bayan hannu. Rabon da Inna ta ci abu da yawa haka tun kafin rasuwar mahaifinsu.

Murfin robar yana gefen tire, da ɗan abin da ya manne a jikinsa, mai kauri, wanda duk masani ya san ya fi na ciki daɗi. Siriri ya miƙa hannu a hankali, yana kallon taga kamar hannun ba nasa ba ne.

Bayan babban cokali ya sauka a kan yatsunsa.

"Nawa ne," in ji Inna, ta jawo murfin gabanta. "Gobe ana awo."