Fitilar Cikin Kabad

Wanda bai yi damina a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba labarin laima kawai yake ji. Ka wanke riga ka shanya, gobe ka tarar ta fi jiya jiƙa. Takalmin da ka manta a ƙarƙashin gado sai ya fito da gashi, bango ma gumi yake yi kamar ya wuni yana dako. Shi ya sa Salamatou, mutuniyar Maraɗi mai sayar da tuwo a wani tsohon bene bayan titin Huanshi Lu, ta jawo waya ta rataya ƙwan lantarki a cikin kabad ɗin ɗakinta, irin rawayan nan mai ƙona yatsa. Dare da rana yana kunne. Ba ruwanta da haskensa, ɗuminsa take so, don shi ke hana kayan miyarta yin funfuna.

A shekarar wasannin Olamfik kabad ɗin ya rame. Biza ta yi wuya, 'yan kasuwar da ke cuso mata kuka da busasshiyar kuɓewa a jakunkunansu suka daina zuwa, waɗanda ke nan kuma suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa. Ana cikin haka aka bugo mata waya cewa Inna, mahaifiyarta, ta rasu. Ba ta je ba. Ta yi kukanta a gaban tukunya, washegari ta ɗora sanwa, don ciki bai san ana makoki ba.

Abin da ya rage mata na tsohuwar ƙulli ɗaya ne: daddawar da Inna ta yi da hannunta, ta ƙulle a yankin wani tsohon zanenta, ta aiko mata tun kafin hanya ta toshe. Inna na da wata ɗabi'a, kowane curi sai ta danna masa babban yatsa a tsakiya kafin ta shanya. Salamatou ta ɗaura niyya cewa ranar sadakar arba'in za ta yi miyar kuka da wannan daddawar, ta tara masu cin tuwonta su ɗanɗani hannun Inna na ƙarshe, su yi mata addu'a. Jana'iza ta wuce ta, zaman makoki ya wuce ta, wannan kaɗai ya rage da za ta iya yi wa uwarta. Tun da labarin ya zo ba ta kwance ƙullin ba, don ta san in ƙamshin ya buge ta ranar babu mai cin tuwo. Kullum da safe dai takan buɗe kabad, ta tabbatar ƙwan bai mutu ba, ta ɗan tsaya a gabansa, ta rufe.

Mai gidan wata tsohuwa ce da ake kira Apo Liang. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da komai sai ɗakuna biyu da falo da ɗan abin da gwamnati ke yayyafa mata duk wata. Ita ta ba Salamatou hayar ɗaki ɗaya, ta kuma iya kau da kai in baƙi sun cika falon da rana suna wanke hannu. A bangon falon akwai ɗan katako da ta ɗora hoton mijin, da turare, da lemo, da wata jar fitila da ba ta taɓa kashewa. Hirarsu da Salamatou ta hannu ce, sai 'yan kalmomin da ba su kai cikin cokali ba. Duk da haka ranar da aka yi rasuwar, ita ce ta zauna kusa da ita tana shafa mata baya.

Babayo ne ya kawo labarin sababbin ƙwayayen lantarki. Bakano ne mai sarin wandunan jins a garin Xintang, ya ɗan tsinci yaren mutanen, kuma ba ya bari a manta da haka. Ya ce gwamnati ta ga tsofaffin ƙwayaye na shan wuta da yawa, za ta raba wasu farare masu tsimin wuta. Masu hali su saya da rangwame, talakawa irin su Apo kuwa a bi su har gida a ɗaura musu kyauta.

“Kin ga ikon Allah, Hajiya,” in ji shi, yana yankar loma. “Mu a gida wutar ce babu, su nan ƙwan ne ya dame su.”

Aka yi dariya. Salamatou ba ta yi ba, hankalinta na kan tukunya.

Ranar da ma'aikatan suka zo, tana dawowa daga cefane ta hango su a bakin bene, su biyu da tsani da kwali, ga wata mata da jan ƙyalle ɗaure a damtse, irin na masu sa ido a unguwa, tana musu jagora. A shekarar nan duk baƙon da ya ga jan ƙyalle ba ya tsayawa tambaya. Takardunta ba su mutu ba, amma babu wanda ya ba ta izinin sayar da abinci. Ta juya da ledojinta ta nufi kasuwar Canaan, ta zauna a shagon wata 'yar garinsu har la'asar, naman da ta saya na ɗiga a gefen ƙafarta. Abin da Apo ta gaya wa mutanen game da manyan tukwanen da ke kicin, Allah kaɗai ya sani.

Da ta dawo sai ta ga gidan ya zama kamar asibiti. Ko'ina fari fat, har tsagar bango da ba ta san da ita ba ta fito. Apo na ta murna, baki har kunne. Ta kamo hannunta ta kai ta gaban kabad, ta buɗe. A inda rawayan ƙwan yake, wani fari ne mai lanƙwasa kamar taliya, yana haske har yana kashe ido. Tsohuwar ta nuna hoton mijinta da jar fitilarsa, ta nuna kabad ɗin, ta ce, “Mama.” Sannan ta yi ta juya hannu a iska, wai wannan ba ya saurin mutuwa, shekara da shekaru zai yi.

Sai a lokacin Salamatou ta gane. Ashe duk safiyar da take tsayawa gaban kabad, tsohuwar gani take ta kunna wa mamaciyarta fitila ne, kamar yadda su ke yi wa nasu. Shi ya sa ta matsa wa ma'aikatan su sa mafi kyau a wurin. Salamatou ta yi istigfari a ranta. Ta so ta yi bayani, amma da wane baki, kuma ga gajiya. Ta ce, “Shiye-shiye, Apo,” wato na gode. Ta dubi sabon ƙwan ta ga ya ninka tsohon haske, ta ce a ranta to ai ma gara, zai fi ɗumi. Tun tana yarinya, daga aci-balbal har fitilar ƙwai, ba ta taɓa ganin abin da ke haske ba ya zafi ba. Bai ko zo mata ta kai hannu ta taɓa ba.

Ruwa ya yi ta zuba. Ana ta wasanni a talabijin, ana kaɗa tutoci, masu cin tuwo na ta raguwa. Ita dai ta tuƙa, ta kwashe, ta wanke, ta kwanta da ciwon baya. Kullum da safe takan leƙa, ta ga farin haske, ta rufe.

Ranar sadakar ta tashi da wuri. Ta gyara nama, ta tankaɗe ragowar kukar da take ajiyewa a kwalba, ta ɗora ruwa. Sannan ta wanke hannu, ta yi bismilla, ta ɗauko ƙullin. Tun a hannu ta ji zanen da danshi. Da ta kwance, ba ƙamshin da ta yi ta gudu ne ya tarbe ta ba, wani wari ne na rumbun da ruwa ya shiga. Curin duk sun narke sun haɗe wuri ɗaya, fari da kore sun lulluɓe su. Ta ɗauko wuƙa ta kankare, ta ɓare tsakiya ko za ta sami wani ɓangare mai kyau. Har ciki ya ci. Ta juya shi ta kowane gefe tana neman gurbin yatsan nan ko da ɗaya ne, ba ta samu ba.

Ta miƙa hannu ta kama ƙwan. Ya yi makonni yana kunne, amma ta riƙe shi a tafinta kamar ta riƙe kofi, babu wani zafi. Ta daɗe a haka. Baƙin ciki ya cika ta, ta rasa wanda za ta ɗora wa, don tsohuwa alheri ta yi, gwamnati kyauta ta bayar, ita kuma ce ba ta taɓa ba.

Ruwan kan wuta ya tafasa, kuma an riga an gayyaci mutane. Ta sauka ta zubar da abin a shara, ta dawo ta marmasa magi a tukunya, ta kaɗa miya.

Bayan azahar falon ya cika, irin cikar da ya daɗe bai yi ba. Kowa ya san da daddawar wa aka ce za a yi miyar. Babayo ya kai lomar farko ya lumshe ido.

“Kai, hannun tsofaffi daban ne. Wallahi Hajiya, kamar ina gida. Allah ya jiƙan mai wannan daddawa.”

Aka amsa da amin. A gefe akwai Malam Tankari, dattijo ɗan unguwarsu a Maraɗi, wanda ya sha cin miyar Inna tun yana saurayi. Shi ya ci loma ɗaya, ya ɗan dakata, bai ɗaga kai ba. Ya cinye nasa tas, ya ja addu'a mai tsawo. Da zai fita ya tsaya wajen sa takalmi, ya ce a hankali, “Allah shi karɓa, ɗiyata.” Ta ce amin, idonta na kan kwanukan da ke jiran wanki.

Da aka watse ta wanke yankin zanen, ta matse, ta ninke ta ajiye a kabad, don babu inda zai bushe a garin nan. Babu sauran abin da ƙwan zai tsare. Ta kai hannu za ta zare wayar ke nan sai ga Apo a bakin ƙofa, da lemo biyu a hannu. Ta ga an yi taro, ta gane na wane ne. Ta lallaɓo ta ɗora su kusa da zanen, ta gyara musu zama, ta ɗan sunkuyar da kai.

“Mama,” in ji ta.

Salamatou ta san mamaci ba ya shan lemo, ba ya bukatar fitila. Ta dubi tsohuwar, ta dubi zanen. Hannunta ya sauko daga kan wayar. Ta tura ƙofar kabad ɗin, ta bar ƙwan a kunne, ta koma kan wanke-wanke.